Rigar Taubashina da Turancin Aro

Taubashina, bawana na gado. Labarin babbar rigar da ka saka wurin ɗaurin auren nan na Kankiya ya je Kusada har ya dawo. An ce da wani dattijo ya tausaya maka ya ce, "Kai yaro, rana ta cinye maka riga," sai ka gyara tsayuwa ka ce ai ba koɗewa ta yi ba, launinta ke nan, "fel bulu" ake ce masa, kuma a Kantin Kwari ka yanko yadin. To, ni na duba rigar nan sosai da muke gaisawa. Kafaɗu da ƙirji sun koma ruwan toka, zaren aikin wuya ya yi fari-fari, layin ninki ya fito kamar an ja da alli, amma cikin aljihu shuɗi ne shar. Wane marini ne ke rina aljihu ya bar kafaɗa?

Tunda ka fake da Turanci, bari mu bi ka har can. Kalmar da ka aro, wadda suke rubutawa pale, ma'anoninta da yawa, kuma kowace ta same ka a gida. Ta farko ita ce ka sani: launi mai rauni, wanda farinsa ya rinjayi kalarsa. Ta biyu ta mutum ce, wanda jini ya janye daga fuskarsa don ciwo ko firgita. Haka taka ta yi da aka zo karɓar gudummawar ango. A nan ne ma na gane abin da ya sa aljihun nan bai koɗe ba: tunda tela ya ɗinka shi bai taɓa ganin rana ba. Ta uku, abu ya dusashe idan an jera shi da wanda ya fi shi, wato abin da ya sami rigarka da ka matso kusa da shaddata don a ɗauke mu hoto.

Ta huɗu daga wani tushe dabam ta fito a harshen Latin, tana nufin itacen da ake kafawa a yi shinge. Da ita Turawan Ingila suka riƙa kiran yankin da suke mulka kewaye da birnin Dublin na ƙasar Ayalan a ƙarni na 15, har aka ba da umarnin a zagaye shi da rami da ganuwar ƙasa. Har gobe in mutum ya wuce gona da iri sukan ce ya fita bayan shinge. Wanda ya share malmalar tuwo huɗu a gidan biki, ya kuma tambayi ko akwai ƙanzo, ai shingen ma ba ya hango shi.

Abin da ya ba ni haushi shi ne, ba mu rasa suna ba balle ka je aro. Muna da shuɗi-shuɗi da ja-ja, muna da ruwan hoda, ruwan ƙasa, ruwan ƙwai, ruwan madara. Duk waɗannan haka aka yi su tun fil'azal, ba abin kunya a cikinsu. Koɗaɗɗe kuwa shi ne wanda ya taɓa yin kala, sabulu da rana da shekaru suka karɓe. Gwaggo ma da na ba ta labari cewa ta yi ta san rigar tun kafin ka yi gemu. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ga magani, kyauta. Ka kai ta karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Ruwan baba da toka ne, a tsoma riga, a ɗago ta ta sha iska, ta fito kore-kore, kana kallo ta juye shuɗiya. Yawan tsomawa, yawan duhu. In ma mai hasken kake so da gaske, sai su taƙaita tsomawa, amma nasu yakan bi riga bai ɗaya daga wuya har gindi. Daga nan ka miƙa wa masu bugu su daddaka ta har ta yi sheƙi.

Kuɗin mota ni zan biya, mu cire cikin lissafin kuɗin sharar da ke tsakaninmu in watan Cika-ciki ya kama. Sharaɗina ɗaya ne: kada ka yi wa marini Turanci, don zai ɗauka mai kuɗi ne ya ninka maka farashi, a bar ni da jinyar fuskarka.

Ubangidanka, ɗan kawunka na Kunduru.