Jar Fitila da Kujerar Gwaggo

Motar da na gada wurin Baffa Volkswagen ce ƙirar kunkuru, ta 1976, irin waɗanda aka harhaɗa a Legas. Inji a baya, babu lagireto, iska ke sanyaya shi. Aibinta ɗaya, kullum gari ya waye batir a kwance. Yaran layinmu har farashin turi suka yanka mini. In na sa giya ta biyu na saki kuloci ta yi tari ta tashi, sai su biyo ni a guje karɓar haƙƙinsu.

Na sa mata sabon batir, ta shanye shi. Bakanike ya ce koyil ne, aka canza. Ya ce kontak ne, aka sa sabo aka daidaita tazararsa milimita 0.4, aka haɗa da kondensa. Duk waɗannan aikinsu kai tartsatsi ga fulogi, babu ruwansu da caji, amma wa ya isa ya yi musu da mai sifana a hannu? Da yaronsa ya zo mayar da wayoyin fulogi, maimakon 1-4-3-2 sai ya jera su yadda ransa ya ba shi. Salansa ta saki wata ƙara, mai shayin bakin gareji ya bar tukunyarsa ya ranta a na kare.

Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani dattijo mai wayarin. Ya ɗaga kujerar baya, don nan batir yake, ya ɗora mita. Inji na aiki amma allura na kan 12, alhali kusan 14 ya kamata ta nuna.

"Ɗana, in ka murɗa makulli, jar fitilar nan tana kamawa?"

"Ai ta daɗe da daina damuna, Baba."

Ya dube ni ya girgiza kai. Ashe ta cikin ɗan ƙwan fitilar nan 'yar wuta ke bi ta tayar da altaneta. Ƙwai ya ƙone, altaneta sai juyi kawai take, ba ta ba batir komai. Ya zaro wani daga gwangwanin madara ya sa, allura ta haura 14.

Don murna na ce zan kai Gwaggo gidan suna. Gwaggo kuwa, tubarkalla, Allah ya yi mata jiki, ga shi a kujerar baya ta zauna. Ashe yaron dattijon bai mayar da murfin batir ba. Muna faɗawa ramin farko, ƙarafan kujera suka lotsa suka haɗe kawunan batir. Sai ƙauri, sai hayaƙi ta ƙarƙashin zaninta. Motar ƙofa biyu gare ta, amma har yau ban san ta inda Gwaggo ta riga ni fita ba.

Ta tsaya bakin titi tana karkaɗe zani tana salati.

"Kai, ɗan nan! Gadon uban naka kake so ka ci tun yanzu, ka fara da ni? Tsayar mini da a-daidaita."