Ranar da Sifinja Ta Yi Saɓa

Gadon da ya faɗo mini bayan rasuwar Baba mota ce, in har za a kira abin da kaji suka shekara tara suna ƙwai a cikinsa mota. Bedford ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, mu a Sudan muke ce mata Sifinja, wai don laushin sitiyarinta kamar silifas ɗin soso. Da ita Baba ya yi ta jigilar auduga da dawa da riɗi tsakanin Mai Wurno da Sinnar da Wad Madani, har ƙafa ta gaza.

Wannan kafin yaƙin 2023 ne, lokacin da babbar damuwata a duniya ita ce bikin autarmu. Na bugi ƙirji a gaban Inna na ce Sifinja ce za ta kai kayan ɗaki Sinja.

Inji ya ci wata biyu da tumaki uku kafin ya yi tari ya tashi. Saura fenti, ko buhiya kamar yadda muke faɗa a nan, don Hausarmu tana shan ruwan Nilu tun da kakanni suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Kore shar na zaɓa, kuma na ƙudurta har bamba da hannun madubi da layukan silbar da ke gefen hanci sai sun sha.

Wani tsohon usta, wato gwanin gyaran mota, a Sinnar ya ƙwanƙwasa bambar da zobensa.

"Ya ɗana, wannan istil ne. Ba ya shan fenti."

Ya ce a cikin ƙarfen akwai sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100, da ya haɗu da iska sai ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani. Ita ke hana tsatsa, santsinta kuma ke hana fenti samun wurin dafawa. Sai an karce da sanfara, an wanke maiƙo da tina, an shafa asas na musamman, wato shafin farko, sannan a yi maganar launi. Na lissafa, na ga rago na huɗu yana shirin tafiya. Na ce, "Na'am, Usta," a zuci kuwa na ce tsohon nan haja yake son sayarwa.

Daren Laraba na zage na shafe komai. Da safe mota ta fito kamar gonar rake. Har maƙwabta suka zo barka.

Akuyar Inna ce ta fara gano asirin. Ranar Alhamis na gan ta da koren gemu tana tauna, na ɗauka ciyawa ce.

Ranar Juma'a muka ɗora gado da katifa da kwalla, gwaggonni suka hau bisa kaya suna guɗa, Kawu ya zauna gaba da farar jallabiyarsa da rawani. Muna ɗaukar hanya iska ta sami bakin da akuya ta buɗe. Sai na ga wani koren zare ya taso daga hancin mota, ya yi tsawo, ya yi faɗi, ya shigo ta taga ya naɗe rawanin Kawu. Na biyu ya haura sama wajen gwaggonni, guɗa ta koma salati.

"Kai, motar ubanka saɓa take yi?" in ji Kawu, yana ɓare kunnensa.

Muka shiga Sinja rabi kore rabi walƙiya, yara na bin mu suna tsintar fenti kamar ana rabon alewa.

Haushi ya sa bayan biki na sayar da ragon, na bi umarnin Usta tiryan-tiryan. Kwana uku ina gurzar bamba da sanfara har zanen yatsuna ya goge. Na kusa gamawa Inna ta fito da buta, ta tsaya, ta daɗe tana kallo.

"Buhu biyu na riɗi mahaifinka ya sayar ya sa a yi masa wannan ƙyallin a Madani. Duk safiya a nan yake duba ɗaurin rawaninsa."

Ta sunkuya ta leƙa ƙarfen, ba ta ga kowa ba. Ta miƙa mini butar ta ce in zuba mata ruwa, la'asar ta yi.