Wai Yara Ne Kaɗai Ke Buga Gem

Kowane gida ka shiga za ka ji ana yi wa yara faɗa: a ajiye waya, a ɗauki littafi, gem ya cinye muku ƙwaƙwalwa. Da zarar yaran sun yi barci kuwa, wayar nan ba ta samun hutu, domin iyayen ma suna taɓawa. Yaro idan ka kama shi zai ce maka gem yake bugawa. Babba sai ya gyara zama ya kawo maka dalili.

Akwai Baban Maciji. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 ya samu Nokia 3310, ya haɗu da macijin nan mai cin ɗigo yana ƙara tsawo har ya sari jikinsa, a nan agogonsa ya tsaya. Yau babbar waya ce a hannunsa, amma sai da ya sa aka sauko masa da kwaikwayon tsohon macijin. Duk wasan da ya biyo baya, in ji shi, hayaniya ce da cin caji.

Hajiyar Alawa kuwa sai an yi da gaske. Candy Crush ya fito a 2012, kuma tun daga lokacin da ya shiga wayarta tuwon gidan ya fara kamawa. Ita ba wasa take ba, "motsa ƙwaƙwalwa" take yi saboda mantuwa. Rai biyar ake ba mutum, in sun ƙare sai ya jira rabin awa kafin ɗaya ya dawo. Hajiya ba ta jira. Matar da har yau sai ta kira autanta ya adana mata lambar waya, ita ce ta gano cewa in ka tura agogon waya gaba, rayukan za su cika nan take. Haka za ta yi ta turawa har wayar ta shiga makon gobe. Da safe WhatsApp ya ƙi buɗewa, ya ce kwanan wata ba daidai ba ne, ƙararrawar asuba ta buga da hantsi. Sai ka ji ta daga ɗaki: "Wane ja'irin ne ya taɓa mini waya?"

Sai tsohon ɗan gidan gem, wanda ya yi ƙuruciyarsa a shagon unguwa gaban PlayStation 2, zamanin da doka ɗaya ce: wanda aka ci shi zai biya. Yanzu ya yi furfura a gemu, ya sayo na'ura mai tsada "saboda yara". Konami ya canza wa PES suna zuwa eFootball a 2021, EA ya rabu da sunan FIFA a 2023, duk bai dame shi ba, shi dai PES yake cewa, kuma Barcelona yake ɗauka yana cigiyar Ronaldinho. Ɗansa ɗan shekara goma sha biyu ya zura masa ɗaya, ya ce ɗumama jiki yake. Aka zura na uku, ya ce abin dannawarsa ne ya lalace, a yi musaya. Aka yi musaya aka ƙara masa biyu. A nan ne yake tuna shi uba ne: "Kai, ka ma yi aikin makarantar da aka ba ka kuwa?" Wasa ya tashi, babu sakamako.

Na ofis ba sai an daɗe a kansa ba. Microsoft ya sa Solitaire cikin Windows a 1990 don mutane su koyi jan linzamin kwamfuta. Shekara talatin da ɗoriya, Malam bai gama koyo ba. Ka dawo gobe, yana kan aiki.

Ludo King, wanda wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, ya samu gindin zama a tsakar gida. An ce yana ƙara zumunci. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin kishiyoyi biyu a kan waya ɗaya ba, uwargida ta cinye wa amarya ɗa yana dab da shiga gida, ta ce, "Yi haƙuri ƙanwata, wasa ne." Wadda aka ci kullum ta tabbata an haɗa baki da wayar, in ba haka ba me ya sa shida ba ta fito mata?

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne Baba Ɗanɗano, don shi kaɗai ne ba ya neman uzuri. Wayarsa cike take da wasanni, duk tallar da ta faɗo sai ya danna, kuma babu wasan da ya san sunansa. Subway Surfers shi ne "na yaron nan da mai gadi ke kora da kare". Temple Run "na birai". A layin mai zai yi tseren mota, a ɗakin jiran likita ya koma haɗa kalmomi, ba ya kammala ko ɗaya, ba ya kuma jin haushi in ya faɗi. Yana da gona a Hay Day, alkama da masara da kaji sun yi kyau, amma ya ƙi sayen aladu, don haka odar da ke neman namansu tana nan tana jiransa har abada. In waya ta cika, Free Fire ɗin yara yake fara gogewa.

Ranar da suka ba shi GTA San Andreas ne yaran suka sallama. Wasa ne na 2004 wanda rabinsa fizgar motar mutane ne da gudu daga 'yan sanda. Baba ya tsaya a bakin titi yana jiran motoci su wuce kafin ya tsallaka.

"Baba, ka ja mutumin can waje ka shiga motar mana!"

"Motarsa ce fa. Me ya yi mini?"

"Ai gem ɗin ke nan, Baba."

"To ni da ƙafa zan je."

Da ƙafar yake yawo a birnin wasan har yanzu, yana kallon gine-gine, in ya ga gidan cin abinci ya shiga ya sayi kaza. Wasan kuwa yana lissafin abin da aka ci, shi ya sa ɗan dabar da aka tsara don ya addabi gari ya ajiye tumbi irin na mai wayar.