Mazhabobin Masu Mota Game da Fis ɗin Sigina

Duk wanda ya wuni a rumfar mai gyaran wayar mota, ya kasa kunne ga masu zuwa da kukan cewa sigina ta ƙi kamawa, zai tabbatar da cewa fis, wato ɗan siririn ƙarfen nan da aka sa cikin roba domin ya narke idan wuta ta wuce ƙima kafin wayoyi su kama, ya raba masu mota mazhabobi, kowa kuwa da hujjarsa.

Na farko shi ne Malam Mai-ijtihadi, wanda in ya zare jan fis mai lamba 10 ya ga ya tsinke, sai ya yi ƙiyasi cewa ƙarami ne shi ya sa ya gaza, ya ɗauko shuɗi mai 15, shi ma ya ƙone, ya haura rawaya mai 20, har ya dangana da kore mai 30, yana murna wai ya warware mas'ala. Alhali fis ɗin da ke ƙonewa nan take shaida ne cewa wata waya ta saɓule tana taɓa ƙarfen mota, galibi a bayan fitila ko inda murfin but ke matse ta. Sai ranar da ƙauri ya taso daga ƙarƙashin sitiyari, ka ji yana salati da babbar murya. Ƙanensa a fiƙihu shi ne mai naɗe mataccen fis da takardar kwalin sigari, shi kam a wurina laifinsa ya fi girma, domin ya sani.

Akwai kuma Alhaji Mai-yalwa, wanda kafin a buɗe akwatin fis ya aika yaro kasuwa ya sayo ƙwan fitila huɗu da sabuwar filasha mai sa sigina ƙiftawa, har da batir in an bar shi. Da ya yi haƙuri ya danna maɓallin nan mai jan dala, wanda ke kunna sigina huɗu gaba ɗaya, da ya huta: a yawancin motoci wutar wannan daga batir take zuwa kai tsaye ta nata fis ɗin, shi ya sa take kamawa ko an zare makulli, to in ta kama sigina ta ƙi, ƙwayayen lafiyarsu lau, sai a duba fis ɗin sigina ko sandar da ke jikin sitiyari. In kuwa gefe ɗaya ne ke ƙiftawa da sauri, ƙwai ne ya mutu, fis ba ruwansa. Mai gyara ya san wannan sarai, amma sai ka ji ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka, a canja duka."

Sai mai rance, wanda ke zare fis ɗin rediyo ya sa wa sigina, gobe ya zare na hon ya mayar wa rediyo, har ya rasa wa yake bin wa bashi, ga shi kuwa taswirar kowane fis na nan a jikin murfin akwatin bai taɓa dubawa ba.

Mafi natsuwarsu duka shi ne dattijon da ya sallama wa ƙaddara tun bara, ya sauke gilashi, in zai karya kwana ya miƙo hannu ta taga, da damina ma haka, hannun rigarsa sharkaf. In ka yi masa magana sai ya ce ai mutanen unguwa duk sun san inda yake shiga.