Mutanen Bagauda Idan Jarrabawa Ta Ƙarato

Duk wanda ya zauna a makarantar horas da lauyoyi ta Bagauda ya san tsohuwar ƙa'idar da ta daɗe tana hana ɗalibai barci: darussa 5 ne, kuma a da wanda ka fi rauni a cikinsa shi ke yanke maka daraja. Ka yi fice a huɗu, dokar kamfanoni ta riƙe maka ƙafa, shi ke nan an gama da kai. Kowa dai baƙi da fari yake sanyawa, amma tsoron nan ba ya barin hali ya ɓuya.

Akwai Sarkin Firgita. Kana fitowa daga sallar asuba zai tare ka: "Ɗan'uwa, ka riƙe shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962, wadda ta yi bayanin hurumin kotu?" Ka ce ka riƙe. Sai ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ai wannan ko mai gadi ya san ta.

Sai Fatalwa. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, a ba su aikin da za su shirya kafin shiga aji, kamar rubuta takardar tuhuma ko yarjejeniyar haya. Shi Fatalwa sunansa kaɗai ke zuwa taro. Ranar da malami ya ɗaga murya ya kira shi ya gabatar da aikin, a ranar 'yan rukuninsa ke fara ganin fuskarsa, yana riƙe da takardar wani, yana karantawa kamar wasiƙar da ta ɓata hanya.

Boka kuwa sana'arsa hasashe. Ya tara tambayoyin shekarun baya ya yi ta lissafi, ya rantse bana wasiyya ce za ta fito. Ranar jarrabawa sai ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da batun amincewar gwamna. A bakin ƙofa, ko kunya, zai ce ai ya faɗa, ba ku saurara ba ne.

Mai Latinanci ko wajen mai shayi ba ya hutawa. Ka roƙe shi rancen ɗari biyar, ya amsa da "nemo dat quod non habet", wato ba a ba da abin da babu. Rowa ce dai ta sa rigar lauya.

Ni wanda nake ƙauna shi ne Baba, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya dawo aji da sa'o'in jikokinsa. A muhawara ba a ja da shi, don abin da muke haddacewa shi ya gan shi da ido a kotu. Amma ranar tambayoyin zaɓi guda 100, yara sun kai ta saba'in, Baba yana ta ashirin, yana goge tabarau, yana gardama da wanda ya tsara tambayar.

Saura Malama Ban-Karanta-Ba. Kullum da kukanta: "Wallahi ƙawata, ko littafi ban buɗe ba, barci kawai nake." Ki tausaya mata, har ki ara mata taƙaitaccen bayaninki. A zauren jarrabawa ita ce ta fara ɗaga hannu neman ƙarin takarda. Ranar rantsar da lauyoyi a Abuja, an kira ta cikin masu daraja ta ɗaya, ta wuce ta gabanki tana gyara hular gashi, ta raɗa miki cewa sa'a ce kawai.