Haya a Gidan da Ba Ka da Makulli

A ofisoshin Jos, ko ƙwan fitila ba a canzawa sai an cika takarda, oga ya sa hannu, mai binciken kuɗi ya gyara murya.

Manhajar biyan albashi kuwa ba ruwanta da oga. Tana can zaune a kwamfutocin wani kamfani a ƙetare, mu namu biyan haya. Irin hayar nan ce da mai gida zai shigo da tsakar dare ya mayar da ƙofa inda taga take, ya ce gyara ya yi maka. Gari na wayewa akawu ya zo da rigar sanyinsa, ya tarar maɓallin da ya saba dannawa ya yi ƙaura. Wai ai an turo sanarwa. Tana akwatin imel ɗin wani da ya yi ritaya, yana Bokkos yana noman dankali.

Kada a ce ƙauyancinmu ne. Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa ɗaya daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows, jirage suka kasa tashi a Amurka.

Masana sun ce a sa a yarjejeniyar hayar manhaja: sanarwa kafin sauyi, wurin gwaji daban, da hanyar komawa baya in ta kwaɓe. Mai POS na kasuwar Terminus bai san wannan dogon Turanci ba. Na'urarsa yake ɗagawa sama, ya girgiza, ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, sabis ne."