Zuwa ga Sarkin Ruwan Umbadda

Bawana Bakabe, bidiyonka ya iso. Sau uku na kalle shi, sannan na kai shi majalisarmu ta Ƙofar Soro, don kada in ci dariyar ni kaɗai. Tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 muke ta addu'a, duk wanda ya fito daga Sudan sai mun tambaye shi labarinku. Allah Ya tsare, kun koma gida Umbadda. Na zaci hoton yara za ka turo mini. Sai ga akwatin gilashi cike da ruwa, ciyawa ta yi kore shar a ciki, da wasu 'yan kifaye shida waɗanda ko kyanwa ba za ta tashi daga barci dominsu ba.

Haba jikan masunta! Kakanka da homa da gora yake faɗawa Matan Fada, ya fito da giwan ruwa sai an kama masa. Tun 1934 ake gasar su a Argungu, kuna cika mana kunne da ita. Danginku da suka bi hanyar hajji suka yada zango a bakin Nilu, su ma ba su yar da sana'ar ba. Ga kasuwar kifi ta Mawrada nan cikin Omdurman, ga madatsar Jabal Awliya a kudu. Duk ka tsallake, ka koma kiwon ciyawa a falo. Mu a Katsina nome ta muke yi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gorar nan da na hango a gindin tebur, tiyo ya fito daga murfinta ya nutse cikin akwatin, tana ta ɓul-ɓul. Ka ce iskar kabon kake ɗura wa ruwan, wai abincin ciyawar ce. Na bincika, kuma a nan kam ba ka yi ƙarya ba, abin mamaki. Tsiro yana haɗa haske da ruwa da wannan iska ya gina jikinsa, ya saki oksijin, kuma wadda ke narke a ruwan akwati ba ta isar ciyawa mai yawa. Wani Bajapane, Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015, shi ya yaɗa wannan ado a duniya. To amma almajiransa tukunyar ƙarfe suke saya, da kai mai daidaita ƙarfin iska, da makunnin lantarki mai rufe ta idan fitila ta mutu, da 'yar kwalba mai ƙirga kumfa, da ɗan faifan tangaran da ke farfasa iskar ta zama kamar ƙura don ta narke. Awo ma suke yi, kimanin miligiram 30 a kowace lita.

Kai kuwa fa? Gorar lemo, ruwan ɗumi, sukarin shayin Hajiya, da yis ɗin da take ƙosar da fanke. Ka san abin da yis yake yi idan ya ci sukari? Abu biyu yake fitarwa. Iskar ta bi tiyo ta tafi wurin ciyawa, ɗayan ya kwanta a gindin gora. Sunansa barasa. Alhaji guda, mai sahun gaba, yana dafa marisa taku uku daga sallayarsa! Ka buɗe murfin ka sansana in ƙarya nake. Limaminku bai ji ba tukuna, kuma ko zai ji, ya danganta da yadda ka bi da ni.

Yanzu ka matso, don wannan ba wasa ba ne. Gorarka ba ta da makashi. Da dare ciyawa ba ta shan kabon, oksijin ma take rabawa da kifi, ita kuwa gora ba ta san dare ya yi ba. Zafin garinku da ke haura digiri 40 a watan Mayu yana ƙara wa yis kuzari, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi. Sai a ɗauke wuta, wanda ba sai na ba ka labari ba, injin da ke motsa ruwan ya tsaya cak. A ƙarshen bidiyon nan da ka ɗauka da asuba, duk kifayen shida sun taso sama suna buɗe baki, kai kuma kana ta murna wai gaishe ka suke yi. Numfashi suke nema, Sarkin Ruwa. Ita ma 'yar kwalbar gwajin da ka manna a jikin gilashi ta gaya maka: shuɗi iska ta yi kaɗan, kore daidai, rawaya ta yi yawa. Taka ta koma ruwan ɗorawa, ka ce ado ne.

Ka riƙa zare tiyon da magariba, ka mayar da hantsi. Ka sa wata gorar da ruwa kaɗan a tsakani, don in tsimin ya yi tashi kada ya kwarara cikin akwatin ka wayi gari da kifi a buge. In an ɗauke wuta kuma, ka ɗebi ruwan da kofi ka riƙa kwarara shi daga sama. Wai yau Bakatsine ke koya wa Bakabe raya kifi!

Kuɗin sharata na shekara uku yana wuyanka, yaƙi bai yafe maka shi ba. Zan karɓi busasshen kifi, amma na Mawrada. Waɗannan shidan ko miyar gwauro ba za su ji ba. Ka gaida Hajiya, ka ce mata na gano inda sukarinta yake zuwa.